Ranar da Shafe-Biyu Ya Ɗura wa Firinta Tawada

Ƙanina mai fenti ne. Ya yi shekara talatin yana wannan sana'a, ko arba'in, lissafin shekaru ya fara zille mini. A layinmu ba mai kiransa da sunansa na yanka sai ni, ni ma sai in raina ya ɓaci. Kowa Shafe-Biyu yake ce masa, domin a ganinsa duk bangon da ba a yi wa shafe na biyu ba tsirara yake tsaye. Yana da hannu, wannan ba zan tauye masa ba. Aibinsa ɗaya ne: ya ɗauka duk wani abu mai launi a duniya a ƙarƙashin ikonsa yake. Na taɓa ganinsa bayan an ɗauke ruwa ya tsaya yana duban bakan gizo, ya girgiza kai ya ce an tsinka rawayar da yawa.

Abin da zan faɗa ya faru ne ranar Laraba. Matata ta ce Alhamis ce, kuma a irin wannan gardama ita ke yin nasara, to mu bar shi a Alhamis.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda duk muke kira Auta, tana shekarar fita a makarantar koyon aikin gona. Wata takwas ta yi tana rubuta kundin kammala karatu a kan cututtukan ganyen tumatir. Ta yi ta yawo cikin lambuna tana ɗaukar hoto har ta zaɓi goma sha biyu, kuma duk nauyin aikin a kan launin hotunan nan yake. Ganye mai lafiya kore ne shar, wanda ciwo ya fara kamawa yana yin rawaya-rawaya, wanda ciwon ya ci kuma yana fitar da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Ƙarfe huɗu na yammacin ranar za a rufe karɓa. Wanda bai kai nasa ba sai ya jira baɗi, ya fita tare da 'yan bayansa.

Tun da safe ta zauna gaban 'yar firintar da yayanta ya aiko mata. Rubutu ya fita tas, takarda tamanin, ta jera su ta ɗora littafi a kai. Da aka zo kan hotuna sai na farko ya fito fari-fari da layi-layi kamar an ja tsintsiya a kansa, na biyu kuwa ko inuwar ganye babu. Tawadar launi ta ƙare. Auta ba ta tayar da hankalinta ba. Ta zare filashinta daga kwamfuta, ta yafa mayafi, za ta shagon buga takardu da ke bakin layi, tafiyar minti uku. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da ubanta.

Matar da ke da shagon nan, wadda ake kira Mai Kwamfuta, ba ta taɓa yi wa ƙanina laifi ba sai guda. Lokacin da za ta buɗe shago, wani mai fenti ta ɗauko daga wata unguwa, ya shafa mata wani irin shuɗi da ƙanina ya ce ko a bayan gida ba zai yarda da shi ba. Tun daga ranar, in zai wuce ta wurin sai ya kau da kai kamar mai ciwon wuya.

Ya karɓi filashin daga hannun Auta ya jefa a aljihun gaba, ya ce 'yarsa ba za ta kai aikin launi inda ba a san launi ba alhali ubanta na numfashi. Ashe ya daɗe da shiri. Ya shiga ɗaki ya jawo wani ɗan kwali daga ƙarƙashin gado, wanda ya sayo a kasuwa tun watanni yana jiran wannan rana: kwalabe uku na tawada, sirinji da allurarsa, da wata 'yar takarda a ninke.

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban Auta, ka bar yarinya ta je ta dawo. In ya so gobe ka yi wasanka."

Ya ce, "Wasa? Ni da na yi wa bene hawa huɗu fenti ni kaɗai, wannan kwalin ashana ne zai gagare ni? Ki ba ni rabin awa."

Ta ce ta ba shi zuwa sha ɗaya. Auta ta dubi agogo, ta ga tara da rabi, ta cire mayafin ta zauna. Yarinya ce mai kunyar ubanta, kuma da sauran lokaci.

Gidajenmu katanga ɗaya ce ta raba su, don haka ta kan katangar aka kira ni in zo in karanta takardar, saboda rubutun ƙanana ne kuma ni ne mai tabarau. Ƙanƙantar haruffan ta tuna mini da wani ƙamus da na taɓa mallaka, wanda wani abokina ya ara bai dawo da shi ba, mutumin kirki kuwa, Allah ya jiƙansa. Na fara ba su labarin, ƙanina ya ce, "Yaya, takardar." Sai na karanta. Ta ce a ciro ɗan akwatin tawadar, wanda ake kira katirij, a ɓare tambarin da ke samansa, za a ga ramuka uku. Kowane launi da raminsa. A ɗura kaɗan, a hankali. Kada a haɗa launi da launi, kuma kada a taɓa jan ƙarfen da ke bayansa.

Ya saurara ido rufe kamar alƙali. Da na gama ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe burushi ba.

Ya ɗaga kwalaben ɗaya-ɗaya a hasken taga. Ga shuɗi, ga rawaya, ga wani ja wanda bai gama yanke shawarar zama ja ba.

Ya ce, "Ina kore? Yaya, duba da kyau, ina suka sa kore?"

Na ce babu kore, takarda ta ce na'urar ce ke haɗawa da kanta a jikin takarda. Ya yi dariya har da dafa teburi. Ya ce na'urar da ba ta da ido ce za ta haɗa masa kore? Su masu kamfanin ba su san abin da 'yarsa za ta buga ba, shi kuwa ya sani. Ganye za ta buga. Ganye kuwa launi uku yake buƙata, kore da rawaya da ruwan ƙasa. Ramuka nawa ne? Uku. To lissafi ya fita. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin maganar ta shige ni, har na gyaɗa kai.

Auta ta ce, "Baba, ba haka take aiki ba."

Ya ce, "Ke ki tsaya a kan ganye, ki bar mini launi."

Ya ɗauko kofunan shayin matarsa, waɗanda ba a fito da su sai an yi baƙi. A na farko ya zuba shuɗi da rawaya yana juyawa da gindin cokali, yana ɗiga wa farcensa yana dubawa. A na biyu ya haɗa duka ukun har suka zama ruwan ƙasa. Rawayar ma bai ƙyale ta ba, ya ce ba ta da nauyi, ya ɗiga mata ja. Sannan ya tace kowanne da matacin shayi, domin shi bai taɓa ɗaukar fenti bai tace ba. Gaskiya koren ya yi kyau. Na daɗe ban ga kore irinsa ba. Matarsa ta shigo ta ga kofunanta, ta tsaya, ta juya ta fita ba ta ce komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Wajen ɗurawa, takarda ta ce kaɗan, shi kuma ya ce bai taɓa fita aiki da rabin bokiti ba. Ya cika sirinji ya danna shi har ƙarshe a ramin shuɗi. Koren ya shiga, ya yi shiru, sai ga shi yana leƙowa ta ramin da ke kusa. Ya ce alamar ya ƙoshi ke nan. Ya bi da ruwan ƙasa, ya bi da rawaya, kowanne yana leƙowa ta gidan maƙwabcinsa. Ya share gumi da bayan hannu, goshinsa ya samu shafe na farko.

Auta ta ce, "Baffa, don Allah ba ni takardar in ga awon da suka ce."

Na laluba aljihuna duka. Na san na adana ta a wuri mai kyau don kada tawada ta taɓa ta. Bayan wata biyu na same ta a cikin hulata ta sanyi.

Sha ɗaya saura kwata aka buga hoton farko. Na'urar ta yi 'yan ƙorafe-ƙorafenta, ta turo takarda a jiƙe. Ga ganye ya fito, ba musu, amma launinsa kamar na ganyen da ya kwana uku a kwandon shara. Sararin sama da ke bayansa kore ne. Ƙanina ya riƙe takardar da yatsu biyu, ya ce kun gani, ciwon ya fito ƙarara, ko makaho ya san ganyen nan ba shi da lafiya.

Auta ta ce, "Baba, wannan shi ne mai lafiyar."

Aka buga marar lafiyar. Muka jera su a teburi, ni da tabarau, shi da gwaninta, ba wanda ya iya cewa ga wannan ga wancan.

Matarsa ta dawo ta nuna masa agogon bango da ludayi. Ya ce ba laifin tawada ba ne, laifin ɗakin ne. Mai fenti na ƙwarai ba ya yanke wa launi hukunci a cikin ɗaki, sai a hasken rana. Kafin wani ya yi magana ya rungumi firintar ya yi waje. Aka fitar da teburi ƙofar gida, aka jawo doguwar waya ta taga, aka fito da kwamfuta, da kofuna, da takardu tamanin ɗin nan da littafinsu a kai, don ya ce yana gamawa za a haɗa su nan take.

Ƙofar gidan tana kallon shagon tela, wanda suka tashi tare da ƙanina, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tsiya ba. Gefe guda kuma mai wanki da guga ne, mutum marar magana, wanda ya ɗaure igiyoyinsa daga bishiya zuwa turken wuta. A ranar ya shanya fararen rigunan ma'aikatan wani asibiti, sun fi ashirin, suna ɗaukar ido.

Tela ya bar keken ɗinkinsa ya tsallako da tef a wuya, ya ce, "Shafe-Biyu, yau kuma likita ka zama? Wa za a yi wa allura?"

"Aikin da ya fi ƙarfin mai ɗinka wando ne. Ja da baya kada iliminsa ya buge ka."

Tela ya ɗauki hoton ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya tambaya ko taswirar wata ƙasa ce, don in ita ce yana ganin ana fari a can. Masu wucewa suka fara tsayawa. Ƙanina kuwa in ya ga taro sai ƙirjinsa ya ƙara faɗi. Ya bayyana wa jama'a cewa abin da suke gani shafe na farko ne, kuma ba a taɓa yanke wa aiki hukunci a shafe na farko ba. Ya shanya takardar a rana ta ɗan sha iska, ya mayar da ita cikin na'urar, ya ce Auta ta sake bugawa a kanta.

Takardar ta fito da ganye biyu, ɗaya yana leƙen kafaɗar ɗaya. Rubutun da ke ƙarƙashin hoton ma ya zama biyu-biyu, har na cire tabarau na goge, na zaci idona ne. Launin kuwa ya koma na taɓo. Ya ce ya fara kama jiki, a ƙara na uku. A na uku takardar ta yi laushi kamar tsumma, ta naɗe a cikin na'urar, ya sa hannu ya yi ta zaro ta guntu-guntu. Da ya fito da hannun sai ka ce ya yi kwaɓa.

Sha biyu ta wuce. Auta ta matso kusa da shi, ta rage murya don kada mutane su ji, ta ce ya ba ta filashin ta je ta dawo, shi kuma ya ci gaba da gyaransa, ba wanda zai sani. Na ga hannunsa ya nufi aljihu. Sai tela ya ce da ƙarfi, ai dama ya san ƙarshenta shagon shuɗi za a je. Hannun ya dawo. Na sha gaya wa tela cewa rabin alhakin ranar a wuyansa yake, shi kuma ya ce ya yarda, amma da za a sake, da ya sake.

Daga nan na'urar ta daina fitar da ganye gaba ɗaya, sai wasu layuka kamar sawun kaza. Ƙanina ya ciro katirij ɗin ya duba gindinsa, ya ce ga matsalar nan, ba a gyara fuskar aiki ba. Ba wanda ke shafa fenti a bango mai ƙura-ƙura. Ya ɗauko samfefa ya goge gindin, ya juya ya goge jan ƙarfen nan da takarda ta ce kada a taɓa, har ya yi ƙyalli. Na tuna an ce wani abu game da jan ƙarfen, amma na kasa tuna ko cewa aka yi a goge ko kada a goge, don haka na yi shiru. Aka mayar. Wata 'yar jar fitila ta kama ƙiftawa, kwamfuta ta rubuto cewa ba ta san wannan katirij ba.

Ya ce, "Ba ta san shi ba? Tun safe suke tare."

Tela ya ce ai ko shi da za a goge masa fuska da samfefa matarsa ba za ta gane shi ba.

Aka yi ta cirewa ana mayarwa. Ya hura da baki, leɓɓansa suka yi kore. Ya ƙara tawada don ya ce wadda ta zuba ta rage masa ƙarfi. Matarsa ta kawo abinci ta mayar ba wanda ya taɓa. Wajen ƙarfe biyu da rabi Auta ta daina duban agogo, ta zauna a bakin dakali ta rungume kwamfutarta, idonta a ƙasa. Na zauna kusa da ita na ce ta yi haƙuri, ban sami abin da ya fi wannan ba.

Sai ƙanina ya buga cinya ya ce ya gano. Toshewa ce. Bindigar feshinsa ma takan yi haka, kuma maganinta ɗaya ne, iska. Ya shiga gida ya turo injin feshin fenti, mai tanki da dogon tiyo, ya kunna. Ƙarar ta fito da sauran mutanen layin, har da Mai Kwamfuta. Ta tsaya a bayan taro ta kalli teburin, ta kalli Auta, ta fahimci komai. Ta matso cikin ladabi ta gaishe shi, ta ce, "Baba, iskar nan ta yi masa yawa. Soso ne kawai a ciki."

Bai dube ta ba. Ya ce wa tela ya gaya wa masu shuɗin bayan gida cewa ba a neme su ba. Mai wanki ya roƙa a ba shi minti biyu ya kwashe shanyarsa. Ƙanina ya ce ba sai ya wahala ba, abin na ɗan lokaci ne, kuma shi bai taɓa ɗiga fenti a inda ba a sa shi ba. Ya riƙe katirij ɗin a hannun hagu, ya sunkuya a kansa don ya ga lokacin da zai buɗe, ya ɗora bakin tiyo a ramin tsakiya, ya matsa.

Ban ga komai daki-daki ba, domin tabarau na ne ya fara rufewa. Abin da na ji shi ne wani fuuu, sai ihun mata. Da na goge gilashin, ramuka biyun da suka rage sun yi wa fuskar ƙanina feshi tun daga gemu har hula. Katirij ɗin ya tashi sama, ban san inda ya sauka ba, ba a kuma gan shi ba har yau. Tiyon ya ƙwace daga hannunsa yana bulala a kan teburi kamar maciji, ya kifar da kofuna uku, ya ɗebi abin da ke cikinsu ya watsa wa shanyar mai wanki daga wannan bishiya har turken wuta. Ya ture littafin da ke danne da takardu tamanin, suka tashi sama kamar tattabaru, suka sauko a cikin tawada. Tela ya yi tsalle zai gudu ƙafarsa ta fizge wayar wuta, sai injin ya mutu.

Mai wanki yana tsaye gaban rigunansa, waɗanda suka koma kamar fatar damisa. Auta ta ɗago daga kan kwamfutar da ta rufe da jikinta, bayan mayafinta duk ɗigo. Ta dubi takardunta a ƙasa. Yanzu ba hotuna kaɗai suka rage ba, aikin ne gaba ɗaya, ga shi uku saura kwata.

Ta miƙe ta tsaya a gabansa. Ban taɓa jin ta yi masa magana da wannan murya ba, ba ta kuma ɗaga ta ba.

"Baba, filashina."

Ya kai hannu aljihu, ta ce kada ya taɓa. Uwarta ce ta zo ta zura yatsu biyu ta ciro shi. Mai Kwamfuta ta riga ta juya tana sauri, tana cewa a biyo ta.

Duk layin ya bi su, har da ni. Ƙanina ya zo daga baya, ya tsaya a waje ya ba shagon baya, amma wuyansa na ta juyowa. Injin shagon ya yi ta turo takardu masu ɗumi. Da aka zo kan hotuna, ganyen farko ya fito kore shar, har jijiyoyinsa ana gani. Bai san lokacin da ya shigo ba. Ya tsaya a kan injin yana kallo, sannan ya tambayi iska, ba matar ba, wai a wane kofi ake haɗa wannan kore. Mai Kwamfuta ta ce ba a haɗawa, ɗigo ne ƙanana na shuɗi da rawaya kusa da kusa, ido ne ke haɗa su. Ya ce dama abin da yake shirin gwadawa ke nan aka katse shi. Ya miƙa hannu zai ɗaga takardar, mutum biyar suka riƙe shi.

Kafin a gama bugawa a ɗinke kundin a sa masa bango, huɗu saura ashirin. Makarantar kuwa tana can ƙarshen gari. Ba abin hawa a kusa sai babur ɗin ƙanina. Auta ta sa kundin a leda biyu, ta hau baya ta riƙe shi nesa da rigarsa, suka tafi, ko fuska bai wanke ba.

Ni ban bi su ba. Sauran labarin daga bakin Auta na ji, ta kuma ba ni shi sau uku don in riƙe. Sun isa huɗu da minti bakwai. Magatakardan da ke karɓar kundi ya riga ya sauko da rabin tagarsa, ɗalibai na tsaye a baranda suna ta murna sun sauke nauyi. Auta ta roƙe shi, ya nuna mata agogo ya ce doka ce, ba shi ya kafa ba. Sai ya hango abin da ke tsaye a bayanta, ya ɗaga tagar kaɗan.

Ya ce, "Subhanallahi. Hatsari kuka yi?"

Ƙanina ya gyara tsayuwa ya fara bayani a kan sakacin kamfanonin tawada da rashin kore a kwalinsu. Magatakarda ya saurara kaɗan, ya ga ba jini ba ne, ya ci gaba da sauko da taga. Auta ta ce a nan ne hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo, ba ta so ba. Ubanta ya dube ta. Sai ya sa hannunsa mai launi ya tare tagar.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba hatsari ba ne, ni ne. Yarinyar nan ta gama aikinta tun ƙarfe tara. Ni na karɓe mata filashi na sa a aljihu, na ce na iya abin da ban iya ba. In akwai wanda zai maimaita shekara, ni ne."

Magatakarda ya tambaya me ya yi takamaimai. Ya faɗa, tun daga kofunan shayi. Da ya kai kan samfefa mutumin ya ce ya dakata, ya leƙa ciki ya kira abokan aikinsa, ya ce a faro daga farko. Ɗaliban suka zagaye su. Da ya kai kan injin feshi wata ma'aikaciya ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Sai ga shugaban sashen ya fito jin hayaniya, aka ce a sake masa shi ma. Sau uku ƙanina ya tsaya a tsakiyar baranda, gemu kore, hanci rawaya, yana ba da labarin kansa ba ragi. Shugaban ya karɓi kundin ya buɗe wajen hotuna ya daɗe yana dubawa, ya ce aiki ya yi kyau, kuma a iya saninsa ba a taɓa kawo masa uzuri da shaidarsa a fuska irin wannan ba. Ya miƙa wa magatakarda, aka buga hatimi.

Muna zaune a ƙofar gida muka ji ƙarar babur. Auta ta sauko tana ɗaga 'yar takardar shaidar karɓa, uwarta ta rungume ta. Ƙanina kuwa tun kafin ya kashe babur ya fara. Ya ce wa tela ofishin a rufe yake ruf, manyan mutane sun yi roƙo an ƙi, amma shi yana tsayawa aka buɗe. Ya ce da ya je da fuska fara kamar ta kowa, da yanzu yarinya na kuka. Irin wannan sai wanda ya san aikin launi, domin launi ne ke jawo ido, ido kuma shi ke buɗe ƙofa. Tela ya tambaya ko ke nan da gangan ya yi. Ya ce ba komai ake bayyana wa mai ɗinka wando ba.

Mai wanki yana gefe a tsaye, ya bar shi ya kai aya. Sannan ya ajiye baho a gabansa, rigunan a ciki har sun yi tozo, ya miƙa masa sabulu.